Yadda Ake Sayen Tashar Talabijin ta Yanki a Haɗa ta da Babban Kamfani a Kasuwar Amurka

Sunayen ABC, CBS, NBC da Fox ne suka zagaye duniya, amma galibin tashoshin da ke kai shirye-shiryensu gidajen mutane a Amurka na wasu kamfanoni ne daban, irin su Nexstar, Gray, Sinclair da Scripps. Kowace tasha tana ɗaukar shirye-shiryen ɗaya daga cikin waɗancan manyan gidaje, sauran lokacin kuma ta cika shi da labaran garinta da tallan 'yan kasuwar yankin. Perry Sook ya kafa Nexstar a 1996 da tasha ɗaya tal a garin Scranton, zuwa 2025 kuwa tashoshin da kamfanin ya mallaka ko yake gudanarwa sun kai kimanin 200. Da saye aka kai nan, domin zangon watsawa a manyan garuruwa ya daɗe da cika. Saboda haka wanda zai faɗaɗa irin wannan kamfani, aikinsa shi ne ya iya sayen tasha a farashin da ya dace, ya tsallake hukumomi, ya haɗa ta da sauran ba tare da ya kashe abin da ya sa ake kallonta ba.

Ka fara gane ta inda kuɗi ke shigowa

Hanya ta farko talla ce. Kamfanin Nielsen mai ƙididdigar masu kallo ya raba Amurka zuwa kasuwannin talabijin 210, kuma da ƙididdigar masu kallo a kowace kasuwa ake yanke farashin talla. Tallan daƙiƙa 30 shi ne ma'auni. Dillalan motoci, lauyoyi, asibitoci da masu sayar da kayan ɗaki su ne suka fi saye. Idan ciniki ya biyo ta hannun kamfanin talla, ana cire masa kashi 15 cikin 100. Idan kuma tasha ta yi alkawarin adadin masu kallo bai cika ba, sai ta rama da gurabe kyauta, guraben da da ta sayar wa wani. A cikin shirin da uwar gida, wato babban gida irin ABC ko NBC da tashar ke ɗaukar shirye-shiryensa, ta aiko daga sama, gurabe kaɗan ake bar wa tasha. A labaran gari kuwa duk guraben nata ne. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hanya ta biyu ita ce kuɗin izinin sake watsawa. Dokar kebul ta 1992 ta ba kowace tasha zaɓi duk bayan shekara 3: ko ta tilasta wa kamfanin kebul ya ɗauke ta ba tare da ya biya ko sisi ba, ko ta ce sai an yi ciniki. Tasha mai ɗauke da babbar uwar gida ciniki take zaɓa, ana biyanta wani abu a kan kowane gida mai rajista, duk wata. Sai dai uwar gidan tana karɓar nata kaso daga hannun tashar, kuma kason ba ƙarami ba ne. Mai sayarwa zai nuna maka jimillar da ta shigo. Kai ka nemi abin da ya rage bayan an sallami uwar gida. A dandalin intanet irin YouTube TV ma, uwar gidan ce ke yin cinikin a madadin tashoshin, su dai su karɓa ko su bari.

Ta uku tallan siyasa ne, wanda ke kwarara a shekarun zaɓe, wato masu lamba cif kamar 2022 da 2024. Doka ta ce a sayar wa ɗan takara a farashi mafi ƙanƙanta na irin wannan gurbi cikin kwana 45 kafin zaɓen fitar da gwani da kwana 60 kafin babban zaɓe. Ƙungiyoyin da ke mara wa 'yan takara baya ba su da wannan rangwame, nan ne ribar take. Tasha a jihar da ake kankankan tana iya cin kasuwar da takwararta a jihar da kowa ya san wanda zai ci ba za ta taɓa gani ba.

Yanke farashi

Ba a ƙiyasta darajar tasha da shekara ɗaya. Ana haɗa rarar kuɗin aiki na shekarar zaɓe da na wadda ba ta zaɓe ba, a raba biyu, sannan a ninka. Ga misali na lissafi kawai: a ce tasha ta samu rarar dala miliyan 14 a shekarar zaɓe, miliyan 10 a wadda ta biyo baya. Matsakaici miliyan 12 ke nan. In aka daidaita a kan ninki 7, farashi miliyan 84. Wanda ya yi sakaci ya ninka miliyan 14 zai biya miliyan 98, ya ɗora wa kansa miliyan 14 a banza.

Abin da ke sa babban kamfani ya iya taya tasha fiye da ƙaramin mai saye yana cikin kwangilolinsa da kamfanonin kebul da na tauraron ɗan Adam. Yawancinsu suna da sakin layi da ke cewa duk tashar da kamfanin ya saya daga baya za ta koma kan farashinsa. A misalinmu, a ce gida 200,000 ne ke biya, kuma farashin mai saye ya ɗara na mai sayarwa da dala 1 a wata. Ƙarin dala miliyan 2.4 ke nan a shekara, ba a ɗauki ma'aikaci ko ɗaya ba. In aka tsimi wasu miliyan 1.6 daga haɗa ayyuka, rara ta koma miliyan 16, ninkin da aka biya a zahiri ya sauko zuwa kaɗan sama da 5.

Wannan lissafi yana ruɗin mutane ta fuska biyu. Na farko, ba kowace kwangila ce ke ba mai saye wannan dama ba. Wata takan ce farashin mai sayarwa zai ci gaba har wa'adinta ya ƙare, don haka sai lauya ya karanta ɗaya bayan ɗaya kafin a saka ko dala ɗaya a lissafi. Na biyu, gidajen da ke biyan kebul raguwa suke yi kowace shekara. Idan kuɗin da uwar gida ke karɓa tsayayye ne, ba ya bin yawan masu rajista, to duk gidan da ya yanke kebul daga aljihun tasha kaɗai ya fita. Ka gwada lissafinka da raguwar da ta fi wadda kake tsammani muni, ka ga ko bashin zai biyu.

Iyakar da doka ta sa

Hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ita ke ba da lasisi, na shekara 8. A 2004 majalisar dokoki ta sa iyaka cewa tashoshin kamfani ɗaya kada su kai ga fiye da kashi 39 cikin 100 na gidajen ƙasar masu talabijin. Tashar da ke kan zangon UHF rabin gidajen kasuwarta ake ƙirga mata. An soke wannan rangwame a 2016, aka dawo da shi a 2017, kuma a kansa manyan cinikayyar da suka biyo baya suka tsaya. A cikin kasuwa ɗaya, ƙa'idar ita ce tasha biyu. Haramcin haɗa biyu daga cikin huɗu mafi yawan masu kallo ya daɗe yana aiki, har wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2025. A watan Agustan 2025 Nexstar ta sanar da yarjejeniyar sayen Tegna, wani kamfanin mai tashoshi da yawa, kan dala biliyan 6.2, cinikin da ya zarce iyakar kashi 39. Ƙa'idojin nan suna motsi da sauyin gwamnati da hukuncin kotu, saboda haka ranar da za a sa hannu lauyan harkar sadarwa ya sake tabbatar da wadda ke aiki.

Ma'aikatar shari'a ma tana da tata dubawa, a kan ko haɗuwar za ta ba kamfani ɗaya ikon tsawwala farashin talla ko na kebul a wani gari. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka zana taswirar garuruwan da tashoshinka da na mai sayarwa suka haɗu, ka nemo masu sayen waɗanda za a saki tun kafin a tambaye ka. Haka Nexstar ta yi lokacin sayen Tribune Media a 2019, ta saki tashoshi 21 ga Tegna da Scripps da Circle City.

Akwai dabarar da aka daɗe ana yi: wani ƙaramin kamfani ya riƙe lasisi, babban ya riƙa yi masa aikin injiniya, labarai ko sayar da talla bisa yarjejeniya. Doka ta yarda, muddin mai lasisin ne da gaske yake yanke hukunci a kan shirye-shirye, ma'aikata da kuɗi. Sinclair ta ƙulla cinikin Tribune kan dala biliyan 3.9 a 2017, ta ba da shawarar sakin wasu tashoshi ga mutanen da ke da alaƙa ta kusa da ita. A Yulin 2018 FCC ta tura batun gaban alƙalin hukumar, a Agusta cinikin ya rushe, a 2020 kuma Sinclair ta amince ta biya tarar dala miliyan 48 don rufe binciken da ya haɗa da wannan batu. Tashar da za ka saki, ka sake ta da gaske, a farashin kasuwa, ga wanda ba ka rataya masa igiya ba.

Bincike kafin sa hannu

Akantoci za su duba littattafai, amma abin da ya fi cin kuɗi bayan saye yakan kasance a bayan gari, inda hasumiya take. Ka tura injiniyan gine-gine mai zaman kansa ya hau ta. Ya auna ɗaurin wayoyin da ke riƙe da ita, ya tono gindin turakun da aka ɗaure su ya ga ko tsatsa ta ci ƙarfen a ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. Ya duba fitilun gargaɗin jiragen sama, ya lissafa ko za ta iya ɗaukar ƙarin eriya. A tambayi mai filin da hasumiyar ke kai. In haya ce, shekara nawa ta rage, kuma mai filin yana da ikon ƙin sabon mai tasha? A ɗakin na'urar watsawa, a ga ko tsohuwa ce mai kwalba, mai zuƙar wuta, wadda in kwalbar ta mutu hoto ya ɗauke gaba ɗaya, ko ta zamani mai ƙananan sassa da yawa wadda in ɗaya ya lalace ƙarfi kawai zai ragu. Bututun da ke kai sigina saman hasumiya ana cika shi da busasshiyar iska ko naitirojin don kada danshi ya shiga. In ma'aunin yana sauka kullum, akwai yoyo, kuma yoyo a nan ƙarshensa ƙonewar bututu ne. Janareta kuwa kada a yarda da kunna shi kawai. A yanke wutar gari, a ga ko makunnin sauyawa zai ɗauka da kansa, a bar shi ya ja cikakken lodi na 'yan sa'o'i.

A ɓangaren takardu, kwangilar uwar gida ce kan gaba: yaushe za ta ƙare, kuma tana buƙatar amincewar uwar gidan kafin a sauya mai tasha? Tasha da ta rasa uwar gidanta darajarta ta zube. Sai kwangilolin shirye-shiryen da aka sayo na shekaru, waɗanda dole a ci gaba da biya ko ba mai kallo. Sai basussukan talla da suka haura kwana 90, waɗanda bai kamata a ƙirga su cif ba. Sai kundin da doka ta wajabta wa kowace tasha ta ajiye a intanet don jama'a: rahoton wata uku-uku na batutuwan gari da ta tattauna, bayanan tallan siyasa, da shaidar shirye-shiryen ilimantar da yara na sa'a 156 a shekara. Giɓi a wannan kundi yana jawo tara, yana kuma jinkirta amincewar hukuma. A riƙe wani kaso na kuɗin saye a hannun amintacce na ɗan lokaci saboda irin waɗannan.

Daga sa hannu zuwa karɓar makulli

Bayan sa hannu ana shigar da sanarwa ga hukumomin hana babakere, a jira kwana 30, wanda kan tsawaita in sun nemi ƙarin bayani. Ana kuma shigar da buƙatar sauya mai lasisi ga FCC. Da zarar ta sanar da karɓa, jama'a suna da kwana 30 su shigar da ƙorafi. Hukumar ta sa wa kanta burin gama duba babban ciniki cikin kwana 180, amma buri ne, ba doka ba. Standard General, wani kamfanin zuba jari, ta ƙulla sayen Tegna a farkon 2022, aka yi ta jira, aka tura batun gaban alƙali, a Mayun 2023 wa'adin kuɗin da masu ba da bashi suka yi alkawari ya cika, ciniki ya mutu ba tare da an ce a'a ba. Don haka wa'adin alkawarin banki ya zarce wa'adin yarjejeniyar saye, kuma a rubuta wanda zai biya diyya in hukuma ce ta hana.

Duk tsawon wannan jira, tashar ta mai sayarwa ce. Ba ka da ikon korar kowa, sauya shiri ko tsoma baki a farashin talla. Shiri za ka iya yi, umarni kuwa sai ranar da aka kammala.

Haɗa ayyuka

Tsimin farko yana zuwa ne daga ɗakin sarrafa watsawa. Maimakon kowace tasha ta ajiye masu gadin allo dare da rana, ana mayar da aikin tashoshi da dama cibiya ɗaya. Sharaɗinsa layukan faiba biyu da suka bi hanyoyi daban-daban. A nemi taswirar hanyar daga kamfanonin, domin sau da yawa layuka biyu na kamfanoni biyu sukan kwanta a rami ɗaya, motar haƙa ɗaya ta tsinke su tare. A bar wa tashar na'urar da za ta ci gaba da watsa shirin uwar gida in cibiya ta yanke, da maɓallin da mai hasashen yanayi zai katse kowane shiri nan take in guguwa ta taso, ba sai ya bugi wani a wata jiha ba. Na'urar gargaɗin gaggawa ma dole ta ci gaba da sauraron majiyoyin yankin.

Inda aka fi yin asara shiru-shiru shi ne sauya manhajar jadawalin talla. Kowane talla yana da lambarsa a tsohon tsari, kowace oda tana da sharuɗɗanta: kada a sa dillalan motoci biyu a hutu ɗaya, wannan talla ya tsaya ranar Juma'a saboda rangwamen ya ƙare. In lambobi suka sarƙe a wajen kwashewa, tallan bara ya fita, mai talla ba zai biya ba, kuma gurbin ya tafi. Kalandar masu watsa labarai makonta yana farawa Litinin, watanta yana ƙarewa Lahadin ƙarshe, to a yi sauyin a kan wannan gaɓa. A tafiyar da tsohon tsari da sabo tare na wata guda, kowace safiya a gwada abin da aka tsara da abin da ya fita jiya. Kada a kuskura a yi wannan aiki cikin watanni biyu kafin zaɓe.

Albashi, inshora, sayen kayan aiki da zanen allo duk ana iya haɗa su. Ɗakin labarai kuwa a yi masa a hankali. Wasanni da fina-finan uwar gida yanzu ana samun da yawansu a intanet, labarin gobarar unguwa da zaman majalisar gari da hasashen ruwan gobe su ne abin da tashar ke da shi ita kaɗai, kuma su ne makaminta a teburin ciniki da kamfanin kebul. Rage 'yan rahoto yana gyara lissafin wata shida, ya ɓata na shekara biyar. Abin da ya fi riba shi ne ƙara sa'o'in labarai, musamman da asuba da yamma, tunda situdiyo da kyamarori suna nan, kuma sa'ar da aka ƙara tana maye gurbin shirin da ake biya a saya. Fuskokin da gari ya saba da su a sabunta kwangilarsu tun makon farko. Tura rubutu ɗaya daga hedikwata a ce kowa ya karanta yana zubar da amana: a 2018 an haɗa bidiyon masu gabatarwa da dama na tashoshin Sinclair suna karanta kalmomi iri ɗaya, abin ya jawo wa kamfanin suka mai yawa.

Faɗaɗawa ba tare da sabon saye ba

Kowace tasha tana da zango mai faɗin megahaz 6, wanda a tsohon tsarin watsa talabijin na dijital, ATSC 1.0, yake ɗaukar kimanin megabit 19.39 a daƙiƙa. Babbar tasha ba ta cinye shi duka, don haka ana raba sauran ga ƙananan tashoshi irin su MeTV ko Antenna TV, a karɓi haya ko a raba talla. Na'urar da ke raba ƙarfin gwargwadon motsin hoto tana taimakawa, amma in aka cusa da yawa, ranar wasan ƙwallo hoton babbar tasha zai farfashe, kuma kwangilar uwar gida takan ƙayyade ingancin da ba a sauka ƙasa da shi. Sabon tsarin ATSC 3.0, wanda FCC ta amince da shi a 2017, tsofaffin akwatuna ba sa kama shi, shi ya sa tashoshin gari ɗaya kan haɗa kai: ɗaya ta ɗauki siginar kowa a sabon tsari, sauran su ɗauki tata a tsohon.

Cinikin kebul ma ana tsara lokacinsa. In an kasa daidaitawa tashoshi sukan ɗauke daga akwatin masu kallo, kamar yadda aka yi tsakanin Nexstar da kamfanin tauraron ɗan Adam na DirecTV daga Yuli zuwa Satumban 2023. Kwangilar da ke ƙarewa gab da kakar ƙwallon Amurka ta fi ba tasha ƙarfi. Kada dai manyan kwangiloli su ƙare a shekara ɗaya, kuma a san abin da uwar gida za ta nema kafin a rattaba hannu da kamfanin kebul na shekara uku.

Bashi

Kusan duk wannan saye da bashi ake yin sa. Gray ta sayi kamfanin tashoshi na Raycom kan dala biliyan 3.6 a farkon 2019, ta ƙara da Quincy da tashoshin Meredith a 2021. Masu ba da bashi suna auna nauyinsa da matsakaicin rarar shekara biyu, kai ma da shi za ka auna kanka. Kuɗin shekarar zaɓe a rage bashi da shi, kada a ɗauke shi tamkar zai dawo baɗi. Sabon reshe da ba irin sana'arka ba a ware masa bashinsa daban: Sinclair ta sayi tashoshin wasanni na yankuna a 2019 kan kusan dala biliyan 10, kuɗin shigarsu ya dogara kacokan ga masu biyan kebul, reshen da ke riƙe da su ya shigar da takardar fatara a Maris 2023. A rarraba ranakun biyan uwar kuɗi kada su taru a shekarar da ba zaɓe, a ɗaure wani kaso na bashin a kan ruwa tsayayye, kuma a fara neman sabunta kowane rance tun da sauran shekara ɗaya da rabi ko biyu kafin wa'adinsa.